Littattafan Da Ba A Jarrabawa A Kansu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, a garin Bagudo



Kwamiti ya ba ni minti ashirin in faɗi ra'ayina game da kuɗin da muka tara domin ɗakin karatu na makarantarmu. Na ga takardar sunayen littattafan da aka ba da shawarar a saya, kusan dukkansu na jarrabawar WAEC da NECO da JAMB ne. Ba ni da ja a kan haka, domin da jarrabawa muka sami takardun da muke cin abinci da su. Roƙona shi ne a ware kanta guda ɗaya tak ga wasu littattafai na ilmi waɗanda babu wanda zai yi wa yaro tambaya a kansu a zauren jarrabawa. Iri uku nake nufi: na lafiyar mata, da na tafiye-tafiye, da na koyon zane da na'ura mai ƙwaƙwalwa. Na san na farkon ne zai jawo gardama, don haka da shi zan fara.

Allah ya gafarta malamai, a yi mini afuwa idan na ambaci abin da ba a saba ambata gaban manya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kimanin 287,000 suka mutu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, kuma kimanin 82,000 daga cikinsu 'yan Nijeriya ne. Wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Ba sai na karanto muku alƙaluman jiharmu ba. Kowa a nan ya taɓa zuwa gaisuwar mace da ta tafi wajen haihuwa, a Illo ko Zagga ko Ka'oje ko nan cikin gari.

A shekarar 1994 wasu masu bincike mata biyu, Thaddeus da Maine, suka bayyana cewa jinkiri uku ne ke kashe mai ciki. Na ɗaya jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, na biyu jinkirin isa asibitin, na uku jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyu da na uku aikinmu ne mu ma'aikatan gwamnati, maganar hanya ce da mota da jirgin ruwa da jini da ungozoma. Amma na farko a tsakar gida yake faruwa, kuma sau da yawa mu maza ne muke riƙe da shi, tunda mu ake jira mu ba da izini mu kuma ba da kuɗin mota. Maigidan da bai san cewa kumburin fuska da hannuwa tare da matsanancin ciwon kai da gani dishi-dishi alamun jijjiga ne ba, zai ce a jira gari ya waye. Wanda bai san zubar jini bayan haihuwa na iya ƙarar da mace cikin 'yan sa'o'i ba, zai aika a nemo saiwa. Ba mugunta ce ta sa shi ba. Ba a taɓa gaya masa ba ne, kuma kunya ta hana shi tambaya.

To, littafi ba a jin kunyarsa. Akwai wani mai suna Where Women Have No Doctor, wato inda mata ba su da likita, wanda ƙungiyar Hesperian ta Amurka ta buga a 1997. Ƙanen wani littafi ne da wasu malamanmu suka sani, Where There Is No Doctor na David Werner, wanda ya fito da Turanci a 1977. An rubuta shi da Turanci mai sauƙi wanda ɗan aji huɗu zai gane, cike yake da zane, kuma yana rarrabe abin da za a iya yi a gida da abin da ba ya jiran asuba. Ba ya mai da kowa likita, kuma ba ya da'awar haka. Amfaninsa shi ne ya sa mutum ya gane lokacin da ya kamata a tashi.

Ku ɗauki yoyon fitsari alal misali. Har yanzu akwai masu cewa jifa ne ko aikin iska, a ƙaurace wa yarinya, wani lokaci har a sake ta. Alhali bayaninsa bai fi shafi biyu ba. Idan naƙuda ta yi tsawo, kwana ɗaya, kwana biyu, kan jariri ya tokare ya kasa fita, sai ya danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu. Jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar rami, fitsari ya riƙa bi ta nan. Ke nan. Kuma ana ɗinke shi. Dakta Kees Waaldijk, mutumin ƙasar Holan, ya shafe shekaru da dama tun shekarun 1980 yana wannan aiki a Babbar Ruga ta Katsina, ya kuma koyar da likitocinmu masu yawa. A Birnin Kebbi ma akwai cibiyar Gesse. Matar da ta shekara goma tana ɓuya a ɗaki, wani lokaci ba abin da ya raba ta da warkewa illa rashin wanda zai ce mata akwai magani.

Kada kuma a ɗauka wannan ilmi duk daga ƙetare yake. A Zariya, Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibiti, aka buga sakamakon a 1985, ya nuna cewa matan da ba su taɓa zuwa awo ba, aka kawo su a gaggauce bayan abu ya ɓaci, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. A wannan asibiti na Jami'ar Ahmadu Bello ne likitoci, cikin shekarun 1970, suka lura da yawan ciwon zuciya bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Iyayenmu mata da ke wannan zaure kada su harare ni. Ban ce a bar jego ba, na ce kanwa gishiri ce, kuma zuciyar mai jego tana da iyakar abin da za ta ɗauka.

Abubuwa suna canjawa, shi ya sa nake so a sayi sabon bugu. Da ana cewa awon ciki sau huɗu, a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi sau takwas. A watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa, kuma kun ji irin jita-jitar da ta biyo baya a wayoyinmu. Binciken zazzaɓin cizon sauro na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a ƙasar nan, da kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka gwada, kuma mu da muke bakin Kwara mun san dalili. Zazzaɓin nan yana shanye jinin mai ciki. Ɗalibar da ta karanta wannan, ita ce za ta matsa wa yayarta ta je ta karɓi maganin rigakafi da gidan sauro.

Ga masu tsoron kada littafin ya buɗe idon yara, ina girmama damuwarsu. Shawarata a ajiye shi a hannun malama mai kula da ɗalibai mata, a riƙa karɓa da sa hannu, maza kuma a karanta musu babin alamun haɗari a darasin kimiyya. Amma mu sani, wanda muka hana littafin da likitoci suka duba, yana da waya a aljihu da mai tallar magani a kasuwa.

Na biyu, littattafan tafiye-tafiye. Mu mutanen iyaka ne. Daga Tsamiya ka shiga Segbana, daga Lolo ka faɗa Madekali ka wuce kasuwar Malanbil. Da yawanmu muna da dangi a can, muna jin Dendi ko Zabarmanci ko Kyanganci ko Fillanci tare da su. Amma na tambayi wasu ƙannenmu wa ya ja wannan layi, aka rasa mai amsa. A 1894 ne Lugga ya yi tseren isa Nikki da Faransawa domin ƙulla yarjejeniya da sarkin Bargu. Rigimar ta kai ga yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 tsakanin Ingila da Faransa, wadda ta tsaga ƙasar Bargu biyu, Nikki ta tafi ga Faransa, Busa da Illo suka zauna ga Ingila. Kafin nan kuwa, Illo mashigi ce ta ayarin goro. Fatake su taso daga Kano da Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, madugu na jagorantarsu, su haye Kwara, su ratsa Bargu ta Zugu har Salaga a ƙasar Gwanja, su juyo da goro. Paul Lovejoy ya rubuta littafi guda a kan wannan fatauci a 1980, mai suna Caravans of Kola. Yaron da ya karanta shi ba zai ƙara ɗaukar garinsu ƙarshen duniya ba don kawai yana nesa da Birnin Kebbi.

Da Hausa ma muna da su, sai dai sun ɓace daga kantoci. Alhaji Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ana tsakiyar yaƙi, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama a kan tafiyarsa Turai. Alhaji Nuhu Bamalli ya ba da labarin Mungo Park, wanda ya bi ta wannan kogi namu ya je ya hallaka a Busa a 1806. Waɗannan suna koya wa yaro yadda ake kallon baƙuwar ƙasa da yadda ake rubuta abin da ido ya gani.

Sai dai a yi hattara da littattafan jagorar matafiya, masu faɗin kuɗin mota da masauki da hanyar da ke buɗe. Su kamar nono suke, suna tsami. An rufe iyakokin ƙasa na Nijeriya a watan Agusta na 2019, ba a fara buɗewa ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 an toshe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, kuma a Janairu 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS. Tsohon littafi zai ce ka je gandun dajin W ka ga giwaye, bai san hare-haren da aka kai can a 2022 ba. Abin da ya ɗore shi ne ƙa'idar ECOWAS ta 1979, wadda ta ba ɗan ƙasa damar shiga wata ƙasar ƙungiyar ya yi kwana 90 ba biza, muddin yana da takardar tafiya da katin rigakafin shawara. Da yawa ana tatsar su a shinge don ba su san wannan ba. A haɗa mana da ƙamus na Faransanci da taswira mai kyau.

Na uku ba zan daɗe a kansa ba, ko da yake shi ne ya fi kusa da aljihu. Katin biki, kalanda, allon shago, takardar buhun shinkafa, fastar 'yan siyasa, duk da manhajar zane ake yin su, akasari CorelDRAW da Photoshop, masu zanen gini kuma AutoCAD. Yawancin aikin garin nan waje ake kai shi. Wani zai ce ai akwai bidiyo a intanet, akwai Canva a waya. Gaskiya ne, ga mai kuɗin data da wutar caji. Amma bidiyo yana nuna maka inda za ka latsa, ba ya cika gaya maka dalili. Littafi ne zai bayyana maka abin da ya sa hoton da ya yi kyau a waya ya dagule a allo mai faɗi: shi hoto ɗigo-ɗigo ne, in ka ja shi sai ɗigon ya bayyana, zanen CorelDRAW kuwa layi ne da lissafi, ko girman bango ka mai da shi ba ya ɓaci. Shi zai gaya maka fuskar kwamfuta da haske uku take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, injin ɗab'i kuma da tawada huɗu, don haka koren da ka gani ba lalle shi zai fito a takarda ba. Shi zai ce ka bar rara a gefen aiki saboda wuƙar yanka.

A nan ma a zaɓa da hankali. A shekarun 1990 PageMaker ne sarki a gidajen ɗab'i, yau an bar shi, littafinsa ya zama na naɗe ƙosai. A fi sayen masu koyar da tushen aikin, wato tsara shafi da zaɓen haruffa da launi, sa'an nan ɗaya ko biyu na manhajar da ake yayi. Akwai kuma na kyauta irin su Inkscape da GIMP, ba sai an saci na kuɗi ba. Kuma don Allah a koya wa yara haruffanmu masu lanƙwasa. Tun shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro musu tsari a kwamfuta a Kano, yanzu kuwa kowace waya tana da su, amma har gobe sai ka ga allon asibiti an rubuta kafa a maimakon ƙafa. Yaron da ya iya ƙ da ɗ da ɓ, ya kuma iya wasullan Faransanci masu alama a ka, yana da masu ciniki a Bagudo da Segbana da Kandi, a biya shi da naira ko da sefa.

Malam Shugaba, na rubuta sunayen littattafan a takarda, zan miƙa wa ma'aji yanzu. Ina roƙon a sa maganar kantar nan cikin abin da za a kaɗa ƙuri'a a kansa kafin a tashi, a kuma naɗa mutum uku su duba littattafan kafin a saya: malama ɗaya, da ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu ma'aikatan lafiya, da ɗaya daga malaman addini na makarantar. Kofi biyu na littafin lafiyar matan ni zan saya da kuɗina in kawo kafin a koma hutu.