Babu Mugun Sarki Sai Mugun Bafade? Nazarin Littafin Chaka na Thomas Mofolo



Bahaushe ya ce babu mugun sarki sai mugun bafade. Karin magana ce mai sauƙin faɗa, musamman in sarkin yana kusa, domin tana ba talaka damar ya yi kukan zalunci ba tare da ya taɓa rawani ba. Adabinmu ma ya bi wannan turba. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, Sarki Abdurrahman mutumin kirki ne, Waziri ne ke ƙulla makirci da Sarkin Sinari a bayan idonsa. Takardar nan za ta duba wani littafi da aka rubuta da wani harshen Afirka, wanda ya ba sarkinsa mugun mashawarci kamar yadda aka saba, amma ya ƙi yarda a ɗora wa mashawarcin laifin.

Littafin shi ne Chaka, na Thomas Mofolo, mutumin Lesoto, wanda aka haifa a 1876 ya rasu a 1948. Da harshen Sesoto ya rubuta shi, ya kammala wajen 1910, yana aiki a maɗaba'ar 'yan mishan da ke Morija. Sai a 1925 aka buga shi, domin masu maɗaba'ar sun daɗe suna ɗari-ɗari da yawan bokanci da tsafin da ke ciki. Fassarar Turanci ta farko ta fito a 1931, sannan Daniel Kunene ya sake fassara shi a 1981.

Ya kamata in raba abu biyu tun da wuri. Akwai Shaka na tarihi, sarkin Zulu wanda ya yi mulki daga wajen 1816 zuwa 1828, wanda da yawa daga cikinmu muka fara jin sunansa a fim ɗin talabijin na 1986 da Henry Cele ya fito a ciki. Akwai kuma Chaka na Mofolo, wanda ƙagaggen sarki ne da aka ɗinka masa rigar tarihi. Bokan da ke tafe da shi, Isanusi, da matar da yake so, Noliwa, duk marubucin ne ya ƙirƙiro su. A kan wannan na biyun zan yi magana, kuma duk inda na ce Chaka shi nake nufi.

Jaruntar ba ta ƙarya ba ce

Mun saba da azzalumin labari wanda jaruntarsa ta baki ce, a fage sai ya ari ta kare. Mofolo bai yi mana wannan rangwamen ba. Chaka ɗan sarki Senzangakhona ne, amma an ɗauki cikinsa kafin aure, kuma da kishiyoyin uwarsa Nandi suka samu 'ya'ya maza sai suka riƙe wannan asiri suka matsa wa sarki har ya kore su, uwa da ɗa. Yaron ya tashi a wurin kiwo yana shan duka a hannun sa'o'insa, ba don ya yi musu komai ba. Rannan zaki ya addabi gari, maza suka fita farautarsa, da ya yi ruri kowa ya ranta a na kare. Saurayin nan shi kaɗai ya tsaya ya soke shi. Mata suka tsara masa waƙa, suna yabonsa suna yi wa mazajensu ba'a. Wani dare kuma kura ta shiga ɗaki ta sungumi wata budurwa, duk samarin suka yi lamo kamar masu barci, har da saurayinta Mfokazana, ɗan'uban Chaka. Chaka ya bi kurar ya kashe ta ya ceto yarinyar. Ladan da ya samu shi ne ɗan'ubansa ya far masa saboda kunya, ubansa kuma ya ba da umurnin a kashe shi.

Na tsaya a kan waɗannan don su ne jarin da Chaka zai ci har ƙarshen ransa. Mutanen da suka yi masa mubaya'a daga baya ba yaudararsu aka yi ba. Da idonsu suka ga gawar zaki. Sun ga yarinyar da aka ɓamɓaro daga bakin kura. Da ya gudu wurin sarki Dingiswayo, ya raba jama'a da wani mahaukaci da ya hana su sakat, ya kuma kamo musu abokin gabarsu Zwide a fagen yaƙi. Duk kirarin da aka yi masa yana da tushe. A ganina nan ne gwanintar Mofolo take: abin da ke rufe muguntar sarkinsa gaskiya ce, shi ya sa ta fi kowace ƙarya kauri. Wanda ya ce Chaka mugu ne, sai a tambaye shi ina yake ranar da zaki ya yi ruri.

Bokan da ba ya tilastawa

A cikin daji, lokacin da Chaka ke gudun ransa, ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa duniya ta mai ƙarfi ce, kuma daga ranar zai kashe wanda ya ga dama. Bayan wannan ne Isanusi ya same shi kwance a gindin itace. A lura da jerin abubuwan: niyyar ta riga bokan zuwa. Isanusi ya yi masa magani, ya haɗa masa mashi, daga baya ya turo masa yaransa biyu, Ndlebe mai kunnen jin duk abin da ake raɗawa a gari, da Malunga mai horar da mayaƙa. In ana neman mugun bafade, ga uku nan reras.

Amma a duba yadda Isanusi yake aikinsa. Duk lokacin da za a hau wani sabon mataki, sai ya tsaya ya bayyana wa Chaka farashin, ya tambaye shi ko ya ƙoshi da abin da ya samu. Ba ya ɓoye masa cewa maganin na jini ne. Har wa'adi yake ba shi ya je ya yi tunani. Masu nazari sukan kwatanta Isanusi da mayun da suka tari Makbes a wasan Shakespeare, kuma kwatancin yana da hujja, tunda shi ma Makbes da yabon jarunta a fagen fama aka fara gabatar mana da shi. Sai dai mayun Makbes da harshen damo suke magana, suna faɗin rabi su haɗiye rabi, har ya hallaka yana zaton ya fahimce su. Isanusi ba ya haka. Ciniki yake yi a fili, kaya a gaba kuɗi a gaba. Ko da an kai shi gaban alƙali, da wuya a same shi da laifin zamba.

Saboda haka da aka zo kan babban cinikin, Chaka ba shi da inda zai fake. Ya riga ya gaji ubansa, ya gaji Dingiswayo bayan Zwide ya kashe shi, ya raɗa wa al'ummarsa sabon suna, ya sauya tsarin yaƙi: gajeren mashi na sukar kusa a madadin na jifa, rundunoni da aka hana aure sai sarki ya yarda. Ga kuma Noliwa, 'yar'uwar Dingiswayo, wadda take son sa tun bai zama sarki ba, shi ma a duk duniya ita ce yake so. Isanusi ya ce masa akwai sarautar da ta fi wannan, irin wadda ba a taɓa gani ba, amma maganinta sai da jinin wanda ya fi ƙauna. Ya ce masa kuma in ya ga ya tsaya a nan, ba laifi. Chaka ya zaɓi sarauta.

Abin da ya faru a ɗaki

Mofolo bai kai mu fagen yaƙi don wannan kisa ba. A ɗaki aka yi shi, ba ganga ba maroƙi. Noliwa tana da cikinsa. Ya shigo mata yadda ya saba, ya zauna kusa da ita, suna wasa irin na masoya, sannan ya ɗauki doguwar allura irin basilla ya soka mata a hammata. Ta mutu tana kallonsa, ba ta daina kiransa da sunan ƙauna ba. Isanusi ya ɗebi jinin da yake bukata ya tafi.

Zaɓin makamin ba banza ba ne. Mutumin da ya koya wa dubban mayaƙa su tunkari abokin gaba ƙirji da ƙirji, wanda yake ƙyamar duk wanda aka sara a baya, shi ne ya nemi wurin da rauni ba zai nuna ba a jikin mace mai ciki. Mashi na bainar jama'a ne, ana yi masa kirari. Basilla ba ta da kirari. Gari ya waye jama'a sun ji cewa Noliwa ta rasu, sarkinsu kuma yana nan yadda suka san shi, wanda ya kashe zaki.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni tsoro a littafin. Ba da daɗewa ba Chaka ya tara rundunarsa bayan an dawo daga yaƙi, ya sa aka ware duk wanda ya juya baya da duk wanda ya dawo ba mashinsa, aka karkashe su a gaban jama'a da sunan tsarkake ƙasa daga ragwaye. Wato wanda ya aikata mafi ƙasƙancin ragwanci a ɓoye shi ne ya zauna yana yanke wa wasu hukuncin ragwanci a sarari. Daga nan muguntar ta daina bukatar ɗaki. Ta koyi sa tufafin jarunta ta fito dandali, jama'a kuma suna kallo suna cewa horo ne.

Haka aka yi da Nandi. Chaka ba ya barin 'ya'yan da aka haifa masa su rayu, don kada a samu mai jiran gado. Uwar, da kwaɗayin jika ya dame ta, ta ɓoye wata mai ciki har ta haihu. Da ya gano, ya kashe jaririn, ya kashe uwarsa Nandi da ta sha wahalar duniya a kansa. Sannan ya fito ya kafa makoki, wanda bai zubar da hawaye yadda ake so ba aka ce murna yake yi, aka kashe shi. Ga mai kallo daga waje, ba a taɓa ɗan da ya so uwarsa haka ba.

Masu karatu ma sun shiga sahun maroƙa

Wani abin sha'awa ya faru da littafin bayan ya bar hannun mai shi. A 1956 Léopold Sédar Senghor, wanda ya zama shugaban Senegal a 1960, ya fitar da doguwar waƙa mai suna Chaka a cikin diwaninsa Éthiopiques. Ya ɗauki kisan Noliwa daga Mofolo, amma ya juya ma'anarsa: a wurinsa Chaka ya sadaukar da abar ƙaunarsa ne saboda son al'ummarsa baƙar fata, don ya shirya su tunkarar Turawa. Seydou Badian na Mali ma ya rubuta wasan kwaikwayo a kan mutuwar Chaka a farkon shekarun 'yancin kai, inda ya fito da shi a matsayin shugaba mai hangen nesa da manyan fadawansa suka ci amana.

Ina fahimtar dalilinsu. Zamanin neman 'yanci ne, ana bukatar gwarzon da za a nuna wa mai mulkin mallaka. Amma a duba abin da aka yi: Mofolo ya buɗe mana ƙofar ɗaki ya nuna mana basilla, su kuma suka ja ƙofar suka ce abin da ya faru a ciki kishin ƙasa ne. Ita kuwa Noliwa, wadda ba a tambaye ta ba ko ta yarda a yi hadaya da ita, ta koma ado a tarihin mijinta. Badian ma ya dawo da mu gidan jiya, laifin na fadawa ne. Wannan ya nuna cewa rufin asirin da littafin ke magana a kansa ba a fada kaɗai ake saƙa shi ba. Jama'ar da ke ƙishirwar gwarzo da kansu suke kawo zaren, har da masu ilminsu.

Za a iya ce mini Mofolo ɗan makarantar mishan ne, ya auna sarkin Afirka da mudun coci. Za a iya ƙarawa da cewa shi Basoto ne, al'ummar da sarki Moshoeshoe ya tattara daga 'yan gudun hijirar yaƙe-yaƙen wancan zamani a kan dutsen Thaba Bosiu tun daga 1824, don haka ba a sa ran ya yi wa sarkin Zulu adalci. Masana tarihi ma, tun daga Julian Cobbing a 1988, suna jayayya a kan ko an ɗora wa Shaka alhakin ɓarnar da wasu suka yi. Duk na yarda a tattauna su. Sai dai waɗannan hujjoji Shaka na tarihi suke karewa, ba su taɓa Chaka na littafi ba. Kuma wanda ya karanta babin zaki da na kura ya san marubucin nan ba maƙiyi ba ne. Da ƙiyayya ce ta sa shi rubutu, da bai ɓata rabin littafin yana sa mu ƙaunaci yaron ba. 'Yan mishan ɗin da kansu ba su ga wa'azinsu a ciki ba, in ba haka ba da ba su riƙe shi shekara goma sha biyar ba.

Ƙarshen Chaka ma bai ba mu sanyin da muke nema ba. Barci ya gagare shi, waɗanda ya kashe suna zuwar masa a mafarki ɗaya bayan ɗaya, har da Noliwa da Nandi. Amma waɗanda suka soke shi, 'yan'ubansa Dingana da Mhlangana, ba fansar kowa suka zo ɗauka ba. Ba su tuhume shi da abin da ya faru a ɗaki ba, gadon sarauta suke so. Shi kuma yana kan gargarar mutuwa ya gaya musu ba za su ci ta ba, Turawa na tafe, su za su mulke su. Har a wannan lokaci maganar mulki ce a bakinsa.