INA KWANAKIN GWANGWANI SUKE TAFIYA?

Jawabin da aka yi wa 'yan kasuwa da sauran jama'a a taron mako na reshe.

 Yau zancenmu a kan gwangwani yake, wannan da muke jerawa a tebur da rumfa, na madara da na tumatir da na kifi. Kowane ɗan kasuwa a nan ya san zafin biyan kuɗin kaya ya zauna jira. Kuɗin da ke kan hanya ba ya haihuwa. To, masu ƙera ƙarfen gwangwani ma wannan ciwon ne ya dame su shekara da shekaru, kuma yadda suka yi maganinsa akwai abin koyo a ciki.

Da fari mu san abin da muke magana a kai. Gwangwani fallen ƙarfe ne wanda bai kai kaurin farce ba, an shafe shi da kuza don kada ya yi tsatsa. Kuzar da ke jikinsa a yau ba ta kai kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba. A Ingila aka fara zuba abinci a irin wannan mazubi don sayarwa, a 1813, amma gidan sana'ar fallen shi ne kudancin Wales, wajajen Swansea da Llanelli.

Ga yadda mutanen Wales suke yi a da. A gasa guntun ƙarfe har ya yi ja, a kama shi da awartaki a tura tsakanin manyan ƙarafan murza biyu masu juyawa, a ninka shi, a sake gasawa, a sake murzawa, har ya zama falle 8 a manne. Sa'an nan mata su ɓamɓare su ɗaya ɗaya. A wanke da ruwan asid, a rufe a akwatin ƙarfe a gasa don ya yi laushi, a sake murzawa, a sake wankewa, kāna a tsoma kowane falle cikin narkakkiyar kuza. Har da manjan ƙasashenmu na Afirka ta Yamma ake aiki a wurin tsomawar, a goge maiƙon da dusa. Ku ƙirga hannuwan da falle guda ya bi. A kowane hannu sai ya kwanta ya jira layinsa.

Abin lura shi ne wannan: yawancin kwanakin ba a aiki suke tafiya ba, a jira suke tafiya. Saboda haka duk dabarar da aka kawo ta hana ƙarfe kwanciya ce.

Ta farko, a Amurka a shekarun 1920 aka jera injunan murza a layi ɗaya, ƙarfe ya shiga ta nan da kauri, ya fita ta can ya zama dogon ƙyalle, a naɗe shi kamar tabarma. Irin wannan injin ya isa Ebbw Vale ta Wales a 1938. Bayan yaƙi aka gina ma'aikatar Trostre a farkon shekarun 1950, da ta Velindre a 1956.

Ta biyu yaƙi ne ya tilasta ta. A 1942 Japan ta cinye Malaya, inda kuza mafi yawa take fitowa. Mu nan mun ji a jikinmu, gama daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta kwasar talakawa ana kai su haƙar kuza a tudun Jos, abin da iyayenmu suka kira ɗiban gwamna, mutane da yawa kuwa ba su komo gida ba. A Amurka ƙarancin ya sa aka rungumi shafa kuza da wutar lantarki. Ƙyallen ƙarfe yana gudu ta cikin ruwan magani, kuza tana kama shi ba tsayawa. Aka rage cin kuza ƙwarai, aka kuma huta da tsoma falle ɗaya ɗaya.

Ta uku a wurin dafa ƙarfen ne. Tsohon murhu yakan ci awa 8 ko fiye kafin tukunya guda ta nuna. A 1952, a garin Linz na Ostiriya, aka fara hura tsantsar iskar oksijin cikin narkakken ƙarfe, aiki ya komo ƙasa da awa 1. Daga baya kuma aka daina zuba shi a bar shi ya huce a sake gasawa, aka koma zuba shi yana zarcewa yana daskarewa, ana yanka.

Ta huɗu, gashin laushi. In aka jibga naɗin ƙarfe aka kife shi da murfi, zafi ya ratsa shi ya kuma huce, kwanaki ne. In kuwa aka warware shi ya bi ta dogon murhu yana tafiya, 'yan mintoci sun isa.

To, duk da haka, wanda ya ba da odar falle yau sai ya yi makonni bai gan shi ba. Me ya sa? Domin kowane mai saye da irin nasa: wannan faɗi kaza, wancan kauri kaza, wani mai tauri. Injin murza kuwa da mai faɗi yake farawa ya gangaro zuwa siriri, don gefen ƙyalle yana cin jikin ƙarfen murzan. Odar da ta kuskure zagayenta sai ta jira na gaba. Maganin da masu ma'aikata suke yi uku ne. Su rage yawan ire-ire. Su ajiye ƙarfe rabin gyara wanda zai yi wa kowa, in oda ta zo a ƙarasa shi, kamar tela mai ajiye yadi ba ɗinkakkiyar riga ba. Su kuma sa masu saye su faɗi bukatarsu tun da wuri, gama tun ran gini ran zane. Tumatir da ya nuna ba ya jiran gwangwani, mai rani a Kano ya san haka.

Amma kada mu ɓoye muku ɗaya gefen. Sabon injin ya yi aikin mutane da yawa, saboda haka tsofaffin ma'aikatun hannu na Wales suka rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 1950, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Velindre da ta gaje su an rufe ta a 1989, Ebbw Vale a 2002. Duk ran da aka ce muku an kawo sauri, ku tambaya: ribar saurin nan aljihun wa za ta shiga, wanda aka sallama kuma ina za shi?

Mu kuma a rumfunanmu, kowa ya ɗauki kaya iri guda ya ƙirga kwanakinsa, daga ran da ya biya zuwa ran da kuɗinsa suka komo hannunsa. Ya ware kwanakin tafiya dabam, na kwanciya dabam, a sito ko a tasha ko a hannun dillali. Ku zo mana da lissafin mako mai zuwa mu duba tare.

 Allah ya ba da kasuwa.