Faransancin Cin Abinci Ga Matafiyanmu

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a Tungan Magajiya)

 

Da yawa daga cikinmu 'yan kasuwa ne da direbobi masu ƙetarawa Jamhuriyar Benin, wasu ta Babanna, wasu ta Tsamiya zuwa Segbana da Kandi. A zango Hausa ta wadatar. Amma in yunwa ta kama mutum a tasha, mai abinci ba ta jin Hausa, to sai Faransanci. A 1996 Janar Sani Abacha ya ce Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Nijeriya, amma yawancinmu ba mu same shi a makaranta ba. Saboda haka bari mu tsinci 'yan kalmomin da za su fisshe mu.

Karin kumallo shi ne petit déjeuner, a faɗa "peti dejene". Abincin rana déjeuner, na dare dîner, "dine". Shinkafa riz ce, "ri" kawai ake cewa. Tuwon masara la pâte, "la pat". Sakwara igname pilée, "inyam pile". Koko bouillie, "buyi". Wake haricot, "ariko".

To, ga wurin da muke so a kasa kunne, wato nama. Kaza poulet, "pule". Rago mouton. Naman sa bœuf. Alade kuwa porc, "por". Kada kunya ta hana mu cewa je ne mange pas de porc, "je ne manj pa de por", ma'ana ba na cin alade. In an kawo burodi da jambon ko saucisson, a dakata a tambaya, domin galibi da alade ake yin su. Abin sha kuma a ce sans alcool, wanda ba barasa ciki. Kifi poisson ne, "puwason". In harshe ya zame aka ce "puwazon", guba aka nema!

Sai kuɗi. Kafin a zuba, a tambaya c'est combien, "se kombiyan", nawa ne? Mu Hausawa da dala muke ƙirga sefa, dala ɗaya sefa 5. Mai abinci kuwa sefa take ƙirgawa. Cent francs, wato 100, dala ashirin ke nan. Cinq cents, 500, dala ɗari. Mille, 1,000, jika guda. A nan ake yawan yin rigima, alhali ba wanda ya cuci wani.

In ta ce bon appétit, a ci lafiya take nufi. Mu amsa da merci.

Muna roƙon yaranmu 'yan makaranta su rubuta wa iyayensu waɗannan kalmomi a takarda, a bita da dare kafin ranar tafiya. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya. Wassalamu alaikum.