Magatakardan da ba ya mantuwa: wa ke riƙe da makullinsa?

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati a Maraɗi, game da sababbin na'urorin da ke taya mutum rubutu, suna kuma riƙe labarin aikinsa a cikin salula ko kwamfuta. Ga shi kamar yadda aka karanta shi.

 

Duk wanda ya san kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ya san babban alhaji ba ya rasa yaro guda mai riƙe masa littafi. Yaron nan shi ya san wanda ake bi bashi da wanda ya biya, ya san nawa aka sayo shinkafa a Lome, nawa aka biya duwan, ya san kuma abokin cinikin da ake rubuta wa takarda da lallashi da wanda ake rubuta wa da zafi. Haka sakatare take a biro: takardar sirri ta hannunta take bi kafin shugaba ya sa hannu. Iya rubutu shi ke kawo irin waɗannan mutane bakin aiki, amma riƙon amana shi ke zaunar da su, domin Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yau ga na'ura tana neman wannan kujera, saboda haka ya wajaba a yi mata binciken da ake yi wa ɗan Adam kafin a miƙa masa littafi.

Ranar 30 ga Nuwamba 1990 da wani ya ce na'ura za ta tsara wasiƙa da kanta, da an yi masa dariya. Ranar 30 ga Nuwamba 2022 kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT, abin ya zama gaskiya. Asalin aikin irin wannan na'ura shi ne an karantar da ita rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, har ta iya kirdadon kalmar da ta dace ta biyo bayan wata, ta haka take jera jimloli. Da farko ba ta riƙe kome daga hira zuwa hira: kullum sai mutum ya sake gaya mata sana'arsa da sunan shagonsa da irin takardar da yake so. A watan Fabrairu 2024 kamfanin ya fara ba ta ikon tunawa da abin da aka faɗa mata a baya. Amfanin wannan a fili yake. Ɗan kasuwa zai ce a rubuta wa wane takardar tuni, na'ura ta riga ta san adadin bashin da ranar alkawari. Ma'aikaci zai nemi rahoton wata, ta tsara shi bisa ƙa'idar ma'aikatarsa ba tare da an maimaita mata ba.

Sai dai tambaya ta farko ita ce: ina ake ajiye abin da ta tuna? A irin wannan tsari, kowace kalma da mutum ya buga tana bin intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, can ake sarrafa ta, can ake ajiye ta. Abubuwan da suka faru sun nuna abin da wannan ke jawowa. A watan Maris 2023 wani kuskure ya sa wasu masu amfani da ChatGPT suka ga kan maganar hirarrakin wasu mutane da ba su sani ba. A ƙarshen wannan wata hukumar kare bayanai ta Italiya ta dakatar da shi wajen wata guda. A watan Mayu 2023 kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu ya hana ma'aikatansa amfani da shi a kan na'urorin aiki, bayan wasu injiniyoyi sun zuba masa sirrin aikin kamfani don ya gyara musu. A shekarar 2025 kuma, cikin shari'ar jaridar New York Times da OpenAI, kotun Amurka ta umurci kamfanin ya adana hirarrakin jama'a na tsawon watanni, har da waɗanda masu su suka goge. Ma'anar wannan ita ce, abin da aka ajiye a gidan wani, dokar ƙasar mai gidan ce ke hukunci a kansa.

Daga nan aka samo tunanin na'urar da ke aiki a cikin salula ko kwamfutar mutum, ba ta aika kome waje. An rage girmanta yadda ƙaramin inji zai ɗauke ta, sa'an nan aka haɗa mata wani kundi inda take jera takardun mai ita da saƙonninsa, in an tambaye ta sai ta leƙa kundin ta ɗauko abin da ya dace. Google ya sa Gemini Nano cikin salularsa Pixel 8 Pro a watan Disamba 2023. Apple ya sanar da nasa tsarin a watan Yuni 2024. Kamfanin Meta da kamfanin Mistral na Faransa sun saki wasu na'urorin da kowa zai iya saukewa ya yi aiki da su a kwamfutarsa ko babu intanet. Ga mutumin Tawa ko na Ƙonni, inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce: aiki ba ya tsayawa, kuɗin intanet ba ya ƙarewa, farashin kaya da sunayen abokan ciniki kuma ba su ƙetare teku ba.

Amma kada a yi saurin guɗa. A watan Mayu 2024 kamfanin Microsoft ya sanar da wani tsari mai suna Recall, wanda ke ɗaukar hoton fuskar kwamfuta bayan kowane ƴan daƙiƙoƙi, domin mutum ya iya komawa ga duk abin da ya taɓa buɗewa. Kamfanin ya ce kome yana zaune cikin kwamfutar. Gaskiya ya faɗa, amma masana tsaro suka nuna cewa kundin a buɗe yake, duk wanda ya samu shiga kwamfutar zai kwashe shi cikin ɗan lokaci. Cikin watan Yuni aka ɗage fitowarsa, bai isa hannun jama'a ba sai watan Afrilu 2025, bayan an kulle kundin, an kuma mai da shi abin da mutum zai kunna da kansa in yana so. Darasin shi ne ajiya a gida tana kore baƙo na nesa, amma ba ta kore na kusa.

Na kusa kuwa suna da yawa. Akwai ɓarawon da ke fizge salula a tasha. Akwai mai gyara, wanda ake bar wa salula kwana biyu tare da lambar sirrinta don ya gwada ta. Akwai yaron shago da ya ga lambar da alhaji ke dannawa. A da, wanda ya saci littafin bashi littafi guda ya samu. Yanzu wanda ya buɗe wannan kundi ya samu shekara guda ta rayuwar mutum a jere, har da magatakardan da zai amsa masa kowace tambaya cikin ladabi, domin na'ura ba ta san fuskar maigidanta ba, makulli kawai ta sani.

Akwai kuma hukuma. Dattawan da ke nan ba su manta da zamanin Janar Seyni Kunce ba, daga 1974 zuwa 1987, da ofishin ƴan sandan ciki da aka fi sani da Coordination, lokacin da mutum ke duba hagu da dama kafin ya yi magana a bakin mai shayi. Taron ƙasa da ya zauna a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ya kafa kwamitin binciken laifuffuka da zalunci, jama'a suka ji abubuwan da a da ba a faɗa sai da raɗa. A wancan zamani sai an ɗauki mutane aiki, an biya su, kafin a haɗa dosiye a kan ɗan ƙasa. Na'ura mai tunawa dosiye ce da mutum ke haɗa wa kansa da hannunsa kullum. A shekarar 2019 Nijar ta yi dokar laifuffukan intanet. A 2020 majalisa ta amince da dokar da ta ba da damar sauraren saƙonnin jama'a da sunan tsaron ƙasa. A 2022 aka cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna ta intanet, a watan Yuni 2024 aka maido shi. Ko wace gwamnati ce ke mulki, salular da aka karɓe a kwamisariya da ita da abin da ke cikinta ake karɓa, kuma daftarin da mutum ya rubuta cikin fushi bai aika ba yana nan cikin kundi.

Ga ma'aikacin gwamnati, nauyin ya ninka. Takardun da ke bisa teburinsa, na albashi, na haraji, na asibiti, na kwangila, sirrin talakawa ne aka ba shi amana. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, aka sabunta ta a 2022, akwai kuma hukumar HAPDP da aka ɗora wa sa ido a kai. Ma'aikacin da ya zuba jerin sunayen marasa lafiya cikin na'urar da ke aika su waje ya fitar da abin da ba nasa ba. Wanda ya zuba su cikin salularsa ta kansa, ko da ba ta aika kome waje, ya tafi da kundin gwamnati gidansa, kuma ranar da aka canza masa wurin aiki da shi zai tafi. In kuwa kwamfutar ta ma'aikata ce, to ya sani wanda zai gaje shi zai gaji duk abin da ta tuna. Ya kamata kowace ma'aikata ta fitar da takarda a rubuce, mai bayyana irin aikin da aka yarda a ba na'ura da wanda aka hana.

Wajibi ne a faɗi iyakar abin. Na'urar cikin gida ƙarama ce, ba ta kai ta kamfani ƙarfi ba, shi ya sa wasu salulolin ke miƙa tambaya mai wuya ga kwamfutocin kamfani. Tana kuma son inji mai tsada: tsarin Apple bai aiki a ƙasa da iPhone 15 Pro, mafi yawan salulolin da ke kasuwa ba za su ɗauke ta ba. Faransancinta ya fi Hausarta nesa ba kusa ba, domin rubutun Hausa da aka karantar da ita kaɗan ne. Takan kuma yi kuskuren lissafi ko ta ƙago abin da ba a faɗa mata ba, ta jera shi cikin kyakkyawar jimla. Faktir ɗin da ta rubuta, in ba a duba ba aka buga masa hatimi, mai hatimin ne zai biya.

Saboda haka, kafin mutum ya ba irin wannan na'ura littafinsa, sai ya nemi amsar tambayoyi huɗu daga mai sayarwa. Shin tana aiki in an kashe intanet? Wannan kowa na iya gwadawa a tsaye cikin shago. Shin kundinta a kulle yake, kuma ba a kwafe shi zuwa ajiyar kamfani da dare da sunan adanawa? Shin mai ita zai iya buɗewa ya karanta abin da ta riƙe game da shi? Shin in ya ce ta manta, tana mantawa? Bayan wannan, sauran aiki na mai ita ne: lambar sirri mai tsawo wadda ba ranar haihuwa ba ce, goge kundi kafin a kai gyara ko a sayar, da ware wasu maganganu waɗanda ba a gaya wa na'ura ko kusa.

Alhazan da suka gina kasuwar nan sun daɗe suna gwada yaro da ƙaramin kuɗi kafin su ba shi makullin sito. Wannan dabara ba ta tsufa ba. A fara ba na'ura takardar gayyata da ta godiya, a ga halinta, kafin a kai ga littafin bashi ko dosiyen talakawa. Allah shi ba kowa ikon riƙe amanar da aka ba shi.