Hanya ta sauya, takardu ma sun sauya

Jawabin da aka gabatar a gaban 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati a unguwar Dar es Salam, birnin Yamai



Shekaru da dama shinkafarmu da man girkinmu ta tashar Kwatano suke sauka, su ƙetara gadar Gaya. Takunkumin CEDEAO na Yulin 2023 ya toshe wannan hanya, kuma da aka ɗage shi a Fabrairun 2024, hukumominmu suka bar gadar a rufe. Kaya suka koma Lome, suna ratsa Burkina Faso zuwa Tera da rakiyar sojoji.

A ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fice daga CEDEAO. A watan Maris ƙawancen AES ya kafa nasa haraji na kashi 0,5 cikin ɗari a kan kayan waje. Amma ƙasarmu ba ta bar UEMOA ba, don haka takardar shaidar asalin kaya ba ta rasa darajarta a duwan ba.

Mai shigo da abinci ya tanadi rajistar kasuwanci, lambar NIF da takardar shaidar lafiyar kayan tun motarsa ba ta taso ba. Motar da ta kwana a iyaka saboda takarda guda, magidanci ne ke biyan kuɗin kwananta a bakin tiya.

Ku ma'aikata, doka ba sirri ba ce. A lissafa sharuɗɗan nan da Hausa da Zabarmanci, a karanta su a rediyo. Dokar da aka ɓoye cikin Faransanci, cin hanci take haifarwa.