Jawabin Babban Baƙo a Bikin Ƙaddamar da Kulob ɗin Rediyo na Ɗaliban Sakandaren Birnin Kudu da Gwaram

 

Masu girma hakiman Birnin Kudu da Gwaram, Allah ya ja zamaninku. Masu girma shugabannin ƙananan hukumominmu biyu, jami'an ilimi na shiyya, shugabannin makarantu da malamansu, limamai da dagatai da masu unguwanni, wakilan jami'an tsaro, iyaye maza da iyaye mata, sai kuma ku 'ya'yana ɗalibai waɗanda dominku aka taru:

Ina godiya ga kwamitin shirya wannan biki da ya ga dacewar in tsaya gaban iyayen ƙasa in ce wani abu. Abin da ya tara mu shi ne ƙaddamar da kulob ɗin rediyo na ɗalibai, wanda babban burinsa shi ne wata rana yaran Birnin Kudu da na Gwaram su riƙe makirfo su yi magana baki da baki da ɗan sama jannatin da ke cikin Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa. Na san akwai wanda ya ji wannan buri ya yi murmushi a ransa, ya ce yaran da ba su gama samun kujerun zama ba ina su ina sama jannati. Ba zan ga laifinsa ba. Amma ina roƙon ya ba ni aron kunnensa na ɗan lokaci.

Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, John Glenn ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya a cikin kumbo. Ya zagaya sau uku cikin abin da bai cika awa biyar ba. A wancan zamani hukumar NASA ta kafa tashoshin bin sawun kumbo a wurare daban-daban na duniya, kuma ɗaya daga cikinsu a Kano take. Da Glenn ya ratso sararin Afirka, sai ya shaida wa tashar Kano cewa yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa. Ma'aikatan tashar suka amsa masa cewa ai mako guda ke nan ana iska mai ƙarfi. Ƙurar hunturunmu ce ya gani. A lokacin Birnin Kudu da Gwaram duk suna cikin lardin Kano, shekara 29 kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Shekara ɗaya da rabi bayan tafiyar Glenn, ranar 23 ga Agusta, 1963, Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy na Amurka ta tauraron ɗan Adam mai suna Syncom 2, kuma ita ce hira ta farko da shugabannin gwamnatoci biyu suka yi ta wannan hanya. Ke nan ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun ana asubar lamarin muna wurin. Daga baya ne muka koma gefe muka zama 'yan kallo.

Mu Hausawa ba a fi mu son rediyo ba. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, manomi a gona da tela a shago da makiyayi a daji kowa da akwatinsa a gefe. Mun iya sauraro ƙwarai. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne mu haɗa na'urar da hannunmu, mu aika da muryarmu, a amsa mana daga nesa. Wannan shi ne aikin masu sha'awar rediyo: mutane ne da suka yi karatu suka ci jarrabawa, hukuma ta ba su lasisi da lambar kira, suna magana da junansu a faɗin duniya ba don kuɗi ba, sai don ilimi da gwaji da zumunci. Lambar kiran Najeriya tana farawa da 5N, ta maƙwabciyarmu Nijar kuma da 5U. Duk wanda ya ji 5N a na'urarsa, ko a Japan yake ko a Brazil, ya san daga ƙasarmu ake kira.

A ƙarshen 1983 wani ɗan sama jannati mai suna Owen Garriott ya tafi da ƙaramar oba-oba cikin kumbon Columbia, ya zama na farko da ya yi irin wannan magana daga sararin samaniya. Cikin waɗanda suka zanta da shi har da Sarki Husaini na Jodan, wanda shi ma mai sha'awar rediyo ne, lambarsa JY1. Daga wannan gwaji aka yi ta faɗaɗa abin, har a 1996 ƙungiyoyin masu sha'awar rediyo da hukumomin sararin samaniya na Amurka da Rasha da Turai da Japan da Kanada suka haɗu a kan shirin da ake kira ARISS. Ranar 21 ga Disamba, 2000, ɗaliban makarantar Luther Burbank da ke kusa da birnin Chicago suka zama na farko da suka yi hira da tashar, inda kwamandanta Bill Shepherd ya amsa tambayoyinsu. Daga ranar zuwa yau an yi irin wannan hira fiye da sau dubu da makarantun ƙasashe da dama, kuma ba a karɓar ko sisi daga makaranta a matsayin kuɗin hirar.

'Ya'yana ɗalibai, ga yadda abin yake gudana. Tashar tana shawagi ne a nisan kimanin kilomita 400 daga doron ƙasa, tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa ɗaya. Cikin awa ɗaya da rabi ta kewaye duniya, shi ya sa mazauna cikinta suke ganin fitowar rana da faɗuwarta sau 16 a kwana guda. Zangon da ake amfani da shi wajen hirar ba ya lanƙwasa ya bi bayan ƙasa; sai tashar tana saman kanku za a ji ku. Daga ɓullowarta ta wannan gefe zuwa ɓacewarta ta wancan, minti goma ne ko ƙasa da haka.

A ranar hirar, ɗalibai suna jere a layi, kowa da tambayarsa a takarda. Mai lasisi yana zaune gaban na'ura, wasu na waje suna juya eriya tana bin tashar. Da farko ba abin da ake ji sai shuuu. Mai lasisi ya yi kira, ya sake kira, ya ambaci lambar tashar, NA1SS. Can sai murya ta fito daga lasifika, a kan mita 145.800 megahaz. Daga nan babu sauran dogon gaishe-gaishe. Yarinya ta matso, ta faɗi sunanta, ta karanta tambayarta cikin daƙiƙa kaɗan, ta ba na bayanta wuri tun ana ba ta amsa. Mai na'ura kuwa hannunsa bai huta ba, domin saurin tashar yana sa mitar ta ɗaga da kusan kilohaz uku idan tana tahowa, ta sauka da kamar haka idan tana tafiya, kamar yadda ƙarar odar babbar mota take kaifi idan ta nufo ka a hanyar Kano, ta yi kauri da zarar ta wuce. Idan an yi shiri mai kyau, ana iya amsa tambaya goma zuwa ashirin kafin muryar ta dusashe.

Minti goma ke nan. To me ya sa za mu tara manyan mutane saboda minti goma? Saboda ba a kaiwa gare su sai an yi watanni ana aiki, kuma a cikin watannin nan ne ribar take. Masu shirin ba sa amsa wa makaranta sai ta rubuto tsarin abin da za ta koyar kafin ranar. Yaron da zai gano lokacin da tashar za ta ratsa saman Gwaram dole ya san taswira da kusurwa da bambancin agogonmu da agogon duniya. Wanda zai haɗa eriya dole ya yi lissafi. Ga misali a gabanku a kan teburin nan: guntun bututun roba irin na famfo, da tsinken tef ɗin awo na ƙarfe guda uku, kowane bai wuce kimanin mita ɗaya ba, an ɗaure su a gicce, sai wayar da ta tashi daga na tsakiya zuwa na'ura. Duk a kasuwa ake samun su. Amma tsawon kowane tsinke da tazarar da ke tsakaninsu daga lissafi suka fito, kuma idan ka yi ganganci wajen awo, na'urar za ta nuna maka. A nan ba a satar amsa. Wadda za ta yi tambaya kuma dole ta gyara Turancinta, ta koyi tsayawa gaban jama'a ba tare da muryarta ta yi rawa ba.

Kada ku jira ranar hira kafin ku fara. Ku nemi jadawalin wucewar tashar, ku fita fili bayan Magariba ko kafin Asuba. Za ku gan ta da idonku, haske ne fari mai ƙarfi, ba ya ƙyaftawa irin na jirgin sama, yana ratsa sama cikin 'yan mintoci. Idan ana hira da wata makaranta alhali tashar tana samanmu, ƙaramar oba-oba da eriyar nan sun isa ku ji amsoshin ɗan sama jannatin. Wani lokaci kuma tashar takan aiko da hotuna cikin sauti, wayar hannu mai manhajar da ta dace ta mayar da sautin hoto. Wanda ya kamo hoto ɗaya da eriyar da ya haɗa da hannunsa ba ya buƙatar a roƙe shi ya shiga ajin kimiyya.

Tambayoyin ma ku fara tanadinsu, kuma su zama naku. Ku tambaya yadda Tafkin Chadi da fadamun Haɗeja suke daga can. Ku tambaya yadda suke tace ruwan da suka yi amfani da shi su sake sha, domin mu ma ruwa damuwarmu ce. Ku tambaya yadda Musulmi yake gane lokacin salla a inda rana ke fitowa sau 16. Ba ku ne farkon masu wannan tambaya ba: a 2007, da Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya zai tafi tashar cikin watan Ramadan, sai da malaman ƙasarsa suka zauna suka fitar masa da jagorar ibada. A 2023 Sultan Al Neyadi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya yi wata shida a can, yana amsa tambayoyin ɗaliban ƙasarsa ta irin wannan rediyo. A shekarar ce kuma Rayyanah Barnawi ta Saudiyya, mai binciken kimiyyar lafiya, ta isa tashar. Iyaye, ku lura da wannan. Ina roƙonku ku bar 'ya'yanku mata su shiga kulob ɗin nan, kuma ina roƙon malamai kada a mayar da su masu riƙe rajista da jera kujeru. A ba su filaya da waya su ma su haɗa.

Mu a Najeriya muna da hukumar binciken sararin samaniya tun 1999, mun harba NigeriaSat-1 a watan Satumba na 2003. A 2017 Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure, tare da wata cibiyar fasaha ta Kyushu a Japan, ta samar da ƙaramin tauraro mai suna NigeriaEduSat-1, kuma daga cikin wannan tasha da muke magana a kai aka sake shi zuwa falaki. Masu irin wannan aiki daga ajin sakandare suka taso. Birnin Kudu, garin da Kwalejin Gwamnatinsa ta yaye mutane irin su Alhaji Aliko Ɗangote, yankin da ke da Jami'ar Tarayya a Dutse, ba shi da hujjar cewa wannan ya fi ƙarfinsa.

Akwai sharuɗɗa uku da nake so mu amince da su yau a gaban iyayen ƙasa. Na farko, doka. Ba wanda zai aika da murya ta na'urar nan sai ƙarƙashin mai lasisi, kuma a sanar da jami'an tsaro duk abin da ake yi, domin a wannan zamani oba-oba a hannun yaro abin tambaya ne. Na biyu, riƙo. Mun sha ganin kayan da aka ƙaddamar da tafi, aka kulle a ofis, ƙura ta cinye su. A sa malami takamaimai a kowace makaranta, a ware rana a kowane mako, a samar da faifan sola da batir. Amfanin wannan bai tsaya ga sama jannati ba: jihar da ta ga ambaliyar 2022 ta san darajar na'urar da ke magana da batir kaɗai, ko da turakun waya sun daina aiki. Na uku, lokaci. Hukumar NASA ta tsara ci gaba da aiki da tashar ne zuwa 2030, layin makarantun da ke jira kuma dogo ne. Da sanyin safiya ake kama fara.

Masu girma shugabannin ƙananan hukumomi, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, 'yan kasuwa da masu hannu da shuni, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ake buƙata bai kai kuɗin bikin aure ɗaya na mai hali ba: na'ura mai kyau, wutar sola, da kuɗin horar da malamai biyu ko uku har su sami lasisi. Ku ɗauki nauyin wannan, malamai su ɗauki nauyin koyarwa, ku kuma ɗalibai ku ɗauki nauyin zuwa a kan lokaci.

Da wannan, da izinin iyayenmu hakimai, nake ƙaddamar da wannan kulob domin amfanin 'ya'yan Birnin Kudu da Gwaram da Jihar Jigawa baki ɗaya. Allah ya sa albarka a cikinsa, ya ba yaranmu ilimi mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.