JAWABI A KAN BAƘIN ALLON KWAMFUTA DA LITTAFIN BASHI

 

An nemi mu yi magana a kan wannan baƙin allo da yaranmu masu karatu a Mubi suke buɗewa a kwamfuta, ba hoto ba ado, sai rubutu. Turawa suna ce masa shel. To me ya haɗa ɗan kasuwa da shi? Littafin bashi ne ya haɗa mu.

Duk wanda ke zaune a nan ya san abin da ya faru a watan Satumba na 2014, lokacin da Boko Haram suka shigo Michika. Da aka komo a 2015, an tarar da shaguna a ƙone, littattafai sun zama toka. Mai bi da wanda ake bi duk suka koma dogaro da ƙwaƙwalwa, zumunci ya yi ta lalacewa a kan kuɗin da ba shaida. Alhali aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ke nan tsare rubutun ma aikin addini ne.

Shi shel kamar yaron shago ne mai biyayya: ka rubuta umarni, ka danna, ya aikata. Wanda aka fi samu a Linux shi ne Bash, wanda Brian Fox ya fitar a 1989 domin ya maye gurbin na Stephen Bourne na 1979. Kamfanin Apple kuma ya koma zsh a 2019. Mai wayar Android yana iya samun Bash ta manhajar Termux. In an riga an saka, ba ya bukatar intanet, wanda kun san halinsa a garin nan.

Umarni huɗu sun isa farawa. ls yana nuna abin da ke cikin jaka, cd yana shigar da kai wata jaka, cp yana kwafa, grep yana nema. In lissafinka yana cikin fayil mai suna bashi.txt, ka rubuta grep taki bashi.txt, nan take zai jero duk layin da aka ambaci taki, ko da lissafin shekara 10 ne.

Sai gyara shi. Akwai ɓoyayyen fayil mai suna .bashrc, wanda Bash yake karantawa duk sanda aka buɗe allon. Nan ake rubuta wa yaron shago dokokin gida. Da kalmar alias ake yi wa dogon umarni laƙabi. Sai ka sa wa umarnin kwafe littafin bashi zuwa filash suna ajiye. Kullum bayan la'asar, kafin a rufe shago, kalma ɗaya za a rubuta. Filash ɗin kuwa ya kwana a aljihu, kada a bar shi a shago. Ba a haɗa ƙwai duka a kwando ɗaya.

Amma jama'a, a yi hattara. Umarnin rm yana gogewa ne ba tambaya, ba kwandon shara da za a koma a tono. Saboda haka a rubuta alias rm='rm -i' a cikin .bashrc, sai ya riƙa tambaya kafin ya goge. Na biyu, Bash yana tuna umarni 500 na baya in ba a canza ba. Wannan alheri ne, don Ctrl da R suna dawo maka da wanda ka manta, amma kada a kuskura a rubuta lambar sirri ta banki a wurin, domin mai zuwa bayanka zai gani. Na uku, umarnin da aka turo ta WhatsApp, musamman mai farawa da sudo, kada a danna sai an fahimce shi. Wa zai ba baƙo makullin shago?

Shawararmu ga ƙungiya ita ce a zaɓi yara biyu ko uku masu amana su zagaya su gyara wa kowa nasa, su kuma koya wa mai shagon da kansa, don kada sirrin dukiyarsa ya zauna a hannun yaro kaɗai. Littafin takarda kuma kada a jefar, a riƙe su biyun.

Allah Ya tsare mana dukiya da zumunci, Ya zaunar da garinmu lafiya. Wassalamu alaikum.